Ranar da Baba Ya Hana Fasto Shiga Ruwa

Mahaifina kafinta ne a Tambuwal, kuma dikin ne a cocinmu na Baptis tun kafin in yi wayo. Cocin ƙarami ne, rufin kwano, kuma yawancin bencunan da ke ciki Baba ne ya haɗa su da hannunsa. Masu zuwa sujada malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti da makanikai da aiki ya kawo garin, sai irinmu da iyayenmu suka taso daga ƙasar Zuru suka zauna, har muka tashi da Hausar wurin a bakinmu. Fasto ɗaya gare mu, dikinoni biyu. Akwai kuma wata 'yar majami'a a Kebbe da ke ƙarƙashinmu, wadda Fasto ke zuwa a kan babur sau ɗaya a wata.

Ina ƙarama na ɗauka dikin wani ɗan fasto ne da bai ƙarasa karatu ba. Ban iya tambayar mutane abu ba, na fi son in duba a takarda, amma wannan ban same shi a takarda ba. Wata rana na tarar da Baba a shago yana goge katako, na daure na tambaye shi bambancinsu. Bai ɗago kai ba.

"Fasto ke ciyar da mu da Maganar Allah," in ji shi. "Shi ke yin baftisma, shi ke ba da Jibin Ubangiji, shi ke ɗaura aure, shi ke kai mutum kabari. Ni kuwa, duk abin da hannunsa zai taɓa, sai nawa ya riga taɓawa."

Daga baya na lura haka abin yake. Ranar Jibi Baba ne ke yanka burodi ƙanana ƙanana, ya tace zoɓon da Mama ta dafa, ya wanke 'yan kofuna ɗaya bayan ɗaya ya ɗaga su ga haske. Idan an yi rasuwa shi ke fara zuwa ya duba kabarin. Idan wani ya kwanta ciwo shi ke fara sani, ya zo ya gaya wa Fasto wanda ya kamata a gaida yau da wanda zai iya jira. Ban taɓa ganinsa a kan bagadi yana wa'azi ba, kuma ban taɓa jin ya nuna yana sha'awa ba.

Babban aikinsa shi ne ruwa. Mu Baptis nitsar da mutum muke yi gaba ɗaya, daga tafin ƙafa har gashin kai, ba ma yayyafawa. Cocinmu ba shi da kwarmin baftisma, don haka sau ɗaya a shekara mukan tafi gulbi kusa da Kebbe, bayan damina ta ɗauke, lokacin da ambaliya ta ja baya amma sanyi bai sauko ba. Baba yana da wata doguwar gora da ya yi wa tsaga uku, ta gwiwa da ta ƙugu da ta ƙirji. Da aka kawo mana sabon fasto, wanda bai kai tsohon tsawo ba, sai da Baba ya tsayar da shi a bayan coci ya gwada gorar a jikinsa ya sake tsagawa. Al'adar ita ce dikin ya shiga ruwan sau biyu. Na farko kwana biyu kafin ranar, na biyu a ranar, a gaban kowa, kafin ƙafar fasto ta jiƙe. Idan ya kafa gorar ya ɗaga hannu, fasto ya shiga. Na karanta ɗan littafin tsarin ikkilisiyarmu daga bango zuwa bango ban ga wannan ƙa'ida ba, amma ba wanda ya taɓa tsallake ta.

Shekarar da nake ajin ƙarshe a sakandare ce Kaka ta ce tana son baftisma.

Kaka ita ce mahaifiyar Baba, kuma sunanta aka sa mini, shi ya sa take kirana takwara, Baba kuma yake kirana Uwata. Duk rayuwarta addinin kakanninta take bi. Ba ta hana 'ya'yanta zuwa coci ba, ita ma ba ta je ba. Bayan ɓarin jikinta na hagu ya shanye, Gwaggo, yayar Baba, wadda ke aikin ungozoma a Kebbe, ta ɗauko ta daga ƙauye ta ajiye ta wurinta. Duk hutu nakan je in zauna da ita. Kunnenta ya yi nauyi, ni kuma muryata ba ta da ƙarfi, sai in sa bakina dab da kunnenta na dama in karanta mata Maganar Allah. Ba ta cewa komai, sai dai ta gyara mini zama idan na danne mata zane. Shekara biyu muna haka. Ran nan na rufe littafi, sai ta ce, "Takwara, ki gaya wa yaron nan mai babur ina son ya sa ni a ruwa."

Yaron nan mai babur shi ne Fasto. Bai fi shekara talatin ba a lokacin, siriri, mai yawan fara'a, Baba ya haife shi da ragi. Ya zo ya zauna da ita sau uku, ina tsakaninsu ina maimaita mata tambayoyinsa. A zuwa na uku ya bayyana mata a hankali cewa bangaskiya ce ke ceton mutum, ruwa shaida ce kawai, kuma ko ba ta shiga gulbi ba Allah ya karɓe ta.

"Na ji," in ji Kaka. "Amma ina so. Kuma bana nake so, don ban ga alamar zan ga wata damina ba."

A wurinmu fasto ba ya yanke irin wannan shi kaɗai, ikkilisiya ce ke yankewa. Aka kira taro bayan sujada. Wani malamin makaranta ya miƙe ya ce tsohuwa ce, ba ta iya tsayuwa, a yayyafa mata a gida kamar yadda wasu coci-coci ke yi, Allah ai yana gani. Fasto ya ce yana girmama masu yin haka, amma shi ba a naɗa shi a kan haka ba, kuma ba shi da ikon sauya abin da aka damƙa masa. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce idan tsohuwar ta shaƙi ruwa fa, wa zai ɗauka? A ƙarshe aka ɗaga hannu, aka yarda a yi, da sharaɗin dikinoni su tabbatar da ruwan da kuma yadda za a shiga da ita. Idan suka ce a'a, magana ta ƙare.

Baba ya miƙe ya ce tunda uwarsa ce, a ɗora wa ɗan'uwansa dikin wannan nauyi. Ɗaya dikin ɗin tela ne, Bayerabe, gajere kakkaura, ya fi shekara ashirin a Tambuwal.

"Ni?" in ji tela. "Ni da ko a bokiti nake wanka sai na yi addu'a? Ka ba ni ɗinkin fararen riguna, ka riƙe ruwanka."

Aka yi dariya, nauyin ya koma kan Baba.

Kwana huɗu ya yi yana haɗa kujerar da za a ɗauke ta. Ya yi mata majingina mai kwanciya baya, ya ɗaura dogayen sanduna biyu a gefe don mutum biyu su riƙe. Da aka kai Kebbe aka nuna wa Kaka, ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Wannan ai makara ce." Fasto ya ce ba ta yi kuskure sosai ba, domin baftisma binnewa ce da tashi. Ta ce to a tabbata an yi na biyun.

An sa ranar Asabar. Ranar Alhamis muka ɗauki kujerar muka tafi gulbi gwaji, Baba da tela da Fasto da ni. Baba ya shiga da gorarsa ya taka wurin da aka saba, ya tarar da yashi shimfiɗe, mai tauri, ruwa iya ƙugun Fasto, fili wadatacce da mutum uku za su tsaya. Sai ya juyo ya ce, "Uwata, zo ki zauna. Nauyinku ɗaya." Na so ƙasa ta tsage in shige, don akwai masu wanki a gefe suna kallo, amma na zauna. Na saki hannuna na hagu da ƙafata kamar yadda Kaka take, don a gwada abin da gaske. Suka shiga da ni, suka kwantar da kujerar baya. Katako bai yarda ya nitse ba. Mazaunin ya taso, ƙafafuna suka yi sama, kaina ya yi ƙasa, na sha ruwa har ta hanci. Na fito ina tari, tela yana ba ni haƙuri da Hausa da Yarabanci a haɗe.

Baba ya gane matsalar. Ya jawo kujerar kan tudu, ya ciro guduma daga jakarsa, ya ɓalle allon mazauni da na majingina, ya saƙa igiya a madadinsu irin saƙar gado, yadda ruwa zai ratsa. Muka sake, sau uku. Kujerar ta riƙa nitsewa salin alin tana fitowa. Ni an yi mini baftisma tun bara, shi ya sa Fasto ya ce, "Kada ki je ki rubuta cewa na yi miki sau huɗu. Wannan wanka ne." Na ce to, ina rawar ɗari.

Ranar Asabar da hantsi muka taru a bakin gulbi. Mutanen Tambuwal sun zo a bas guda, na Kebbe a ƙafa da babura. Matan zumuntar coci sun sha ankonsu suna waƙa da tulu da kacau-kacau. Akwai matasa huɗu da za a yi wa baftisma, amma Kaka ce ta farko don kada ta gaji da jira. Gwaggo ta sa mata farar rigar da tela ya ɗinka, ta ɗaura mata farin kallabi, aka zaunar da ita a kujerar ƙarƙashin wata giyayya. Fasto ya cire takalmansa, ya naɗe ƙafar wando. Ni aka ba ni zane da tawul in riƙe.

Baba ya ɗauki gora ya shiga. Ba wanda ya kula sosai, tunda shekaranjiya aka gwada, waƙa ma ba ta tsaya ba. Ni kaɗai nake ƙirga takunsa, don na riƙe cewa ranar Alhamis taku goma sha ɗaya ya yi kafin ya tsaya. A taku na bakwai ya miƙa gorar gaba, sai ta shige duka, har hannunsa ya bi ta zuwa kafaɗa. Ya ja da baya. Ya gwada dama, ya gwada hagu, ya sake komawa. Na ga yashi yana zubewa daga ƙarƙashin ƙafarsa, ruwan wurin ya yi duhu. Ya daɗe yana tsaye, bayansa gare mu. Waƙar ta yi ta raguwa har ta mutu.

Ya fito, bai ɗaga hannu ba. Ya tsaya gaban Fasto ruwa na ɗiga daga rigarsa.

"Fasto, ba a nan ba."

"Me ya faru, Baba Dikin?"

"Rami ne. Wurin tsayuwar ya tafi. Bakin ramin ma zubewa yake."

Fasto ya rage murya, amma ina kusa, na ji. "Idan muka tsaya nan kusa, iya gwiwa fa?"

"Kujerar ba za ta nitse ba. Gwiwoyinta da fuskarta za su zauna a waje. Idan kuma muka matsa don ta nitse, mutum ɗaya ya zame, mu huɗu ne a ramin, ita kuma ba ta da hannun kama kowa."

Kafin Fasto ya amsa Gwaggo ta iso. Mace ce mai faɗa ko da lafiya, balle ranar.

"Kai, dubi tsohuwar nan," ta ce da Baba. "Tun asuba ta tashi. Ko koko ta ƙi sha. Wata nawa tana ƙirga ranar nan? Sati biyu nan gaba sanyi ya shigo, da bazara kuma ka san ruwan nan ko akuya bai nitsarwa. Ka ce mata me? Ta jira baɗi?"

"Yaya, ruwan ba shi da kyau."

"Ba dikin nake wa magana ba, ƙanena nake wa. Uwarka ce."

"Ƙanenki bai shiga ruwa ba, Yaya. Dikin ne ya shiga."

Gwaggo ta juya wajen Fasto. Kowa ma ya juya wajensa. Shi ne mai baftisma, shi aka naɗa, da ya ce a yi a hankali za a yi, na tabbata akwai samari da za su ɗauki kujerar. Na ga ya dubi Kaka, ya dubi ruwan. Sai ya sunkuya ya warware ƙafar wandonsa, ya mayar da takalmansa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure igiyarsu.

"Jama'a," ya ce, "ikkilisiya ta ba dikin ruwa. Ya ce babu. To babu."

Kaka ba ta ji ko ɗaya ba. Ta ga dai an daina waƙa. Ta yafito ni da hannunta mai lafiya ta ce, "Takwara, me ya ce?" Ban taɓa faɗin magana mai nauyi irin wannan ba, kuma dole in faɗe ta da ƙarfi. Na sa baki a kunnenta na ce Baba ya ce akwai rami, ba za a shiga ba. Idonta na hagu kullum yana zubar da ruwa tun da ta kwanta, don haka ban iya gane ko kuka take ba. Sai ta ce, "Haka yake tun yana yaro. Ko kwata ba ya tsallakewa sai ya leƙa."

Baba bai tsaya sauraron kowa ba. Ya bi gaɓar ruwan ya yi ƙasa, yana shiga yana fita, ya dawo ya yi sama. Wani wurin laka, wani wurin ruwan na gudu da ƙarfi, wani wurin iya idon sawu. Rana ta ɗaga. Yara suka fara kuka, direban bas ya fara duba agogo. Fasto ya zauna a ƙasa kusa da Kaka yana yi mata fifita da takardar tsarin sujada. Gwaggo ta koma gefe ta juya mana baya.

Ana cikin haka sai ga mai gonar shinkafar da ke sama da wurin ya gangaro, dattijo mai furfura, da lauje a kafaɗa. Musulmi ne, ɗan asalin wurin, ya san Baba, don Baba ne ya yi masa ƙofofin gidansa. Kowace shekara yakan tsaya daga nesa ya kalle mu ya koma aikinsa.

"Kafinta," in ji shi, "yau wankan naku ya ƙi? Mi yaf faru?"

Baba ya gaya masa.

"Ai tifa ta taz zo jiya. Tun safe sunka kwashi yashi har la'asar. Da ka tambaye ni da ban bari kun sha rana ba." Ya dubi Kaka a kujerarta. "Wagga tsohuwa za ku tsoma?"

"Mahaifiyata ce."

Dattijon ya sosa gemu. Sai ya ce akwai tsohuwar mashayar shanu a bayan gonarsa, ƙasan tsakuwa ce, ba mai kwasar yashi da ke kula ta. Amma ba hanya sai ta kan 'yar siririyar kunyar da ta ratsa tsakiyar shinkafarsa, shinkafar kuwa ta nuna, saura kwanaki a yanke.

"Ku bi ɗai-ɗai," ya ce. "Kuma ba rawa. Matan ga naku in sunka fara waƙa ƙafa ba ta tsayawa wuri guda."

Baba ya yi masa godiya, sannan ya ce, "Malam, na yarda da maganarka, amma sai na taka da ƙafata."

"Taka, Kafinta. Ni ma ban karɓi ƙofarka ba sai da nig girgiza ta."

Su biyu suka tafi. Muka jira. Can sai wani yaro ya hango Baba daga nesa a tsakiyar ruwa, gora a kafe, hannu a sama. Fasto ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa. Shugabar matan zumunta ta karɓe tulu da kacau-kacau ta ajiye su a gindin giyayya, ta ce duk wadda ta taka shinkafar bawan Allah ita da ita.

Baba ya dawo ya kama gaban kujerar, tela ya kama baya. Muka bi su a jere, shiru, kowa idonsa na kan ƙafarsa. Kunyar ba ta fi faɗin tafin ƙafa biyu ba, tela yana haki yana cewa a hankali, a hankali, Kaka kuwa tana sama tana duban zangarniyar shinkafa hagu da dama kamar mai gonar ce ta zo zagaye. Har ta ce da dattijon, wanda ke tsaye a ƙarshen kunyar, shinkafarsa ta yi kyau amma ya makara da yanka. Ya yi dariya ya ce, "Inna, a bari a gama da ke tukuna." Daga nan ya koma can nesa ya ba mu wuri.

A mashayar Baba ya sake shiga, ko da yake yanzu ya fito. Ya ɗaga hannu. Fasto ya cire takalma a karo na biyu ya shiga har ruwa ya kai masa ƙugu. Dikinoni suka shigo da Kaka, Baba a damanta, tela a hagunta, Fasto ya tsaya wajen kanta. Ni ina bakin ruwa, ƙafafuna a ciki, zane a kafaɗata. Fasto ya sa baki a kunnenta ya tambaye ta ko ta ba da gaskiya ga Yesu Almasihu. Ta amsa da murya irin ta masu nauyin kunne, har ta ƙetare gulbin. Ya ɗaga hannu ɗaya, ya ambaci sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ya rufe mata hanci da ɗan ƙyalle, ya tallafi ƙeyarta. Suka fara kwantar da kujerar.

Abin da ba mu gwada ba ranar Alhamis shi ne tsoro. Ni na saki jikina don na san abin da ke zuwa. Kaka kuwa, da ruwa ya taɓa kunnenta, hannunta mai lafiya ya yi wuf ya damƙi wuyan rigar Baba. Jikinta ya nitse, fuskarta ta nitse, kallabin ya nitse, amma hannun yana sama, daga gwiwar hannu har yatsu, a bushe, a maƙale da wuyan ɗanta. Numfashi ɗaya take da shi, ba za a sake ba. Baba ba shi da hannun da zai ɓamɓare yatsunta, duka biyun suna riƙe da sandar kujera, kuma ban yi zaton zai ɓamɓare ba ko da yana da shi. Na ga ya dubi hannun. Sai ya lanƙwashe gwiwoyinsa ya tafi ƙasa da ita, kafaɗa, wuya, kai, har ruwa ya rufe furfurarsa. Na ɗan lokaci ba kowa a saman ruwan sai Fasto da tela.

Suka taso tare. Kaka ta furzar da ruwa ta ja numfashi mai ƙara, Gwaggo ta rangaɗa guɗa tana kuka, matan suka ɗauki waƙa ba tulu ba kacau-kacau, da tafi kawai. Hannun Kaka yana nan a wuyan rigar har suka kawo ta tudu.

"Fasto," in ji tela yana haki, "mutum biyu za ka rubuta."

"Ɗaya na yi," in ji Fasto. "Wancan shi ya kai kansa."

Na lulluɓe ta da zane, na goge mata fuska, na cire jiƙaƙƙen kallabin na ɗaura mata busasshe. Jikinta na rawa, amma idonta tar. Ta jawo ni kusa.

"Takwara, ke ba kya ƙarya. Na shiga duka?"

"Duka, Kaka."

"Har hannun?"

"Har hannun."

Ta saki ajiyar zuciya, ta jingina da igiyar kujerar, ta ce a ba ta kokonta.

Baba bai zauna ba. Ya koma cikin ruwa ya tsaya kusa da Fasto har aka gama da matasan huɗu, yana karɓar kowane da hannu yana miƙa shi tudu. Gwaggo ta zo bakin ruwa da kofin koko ta miƙa masa, ya karɓa ya sha a tsaye.

Da za a koma, samari suka ɗauki Kaka, jama'a suka bi a jere kamar yadda aka zo. Baba ya tsaya sai da kowa ya wuce, ni kaɗai ke bayansa da takalmansa a hannu. Duk da kiyayewar da aka yi, sandunan kujerar sun kwantar da shinkafa a wurare da dama. Ya riƙa sunkuyawa yana tayar da ita, yana haɗa karan uku uku yana ɗaure su da ciyawa don su tsaya, rigarsa na manne da bayansa. Dattijon ya hango shi ya ɗaga murya ya ce ya bari, ai jibi za a yanke.

"Ni na kawo su, Malam," in ji Baba, ya ci gaba.

Bas na ta yi mana oda daga bakin hanya. Na ajiye takalman a kan kunya, na tattare zanena, na kama tayar da shinkafar ɗaya gefen.